Dara ba wasan marasa aikin yi ba ce

Tun da ɗan Nijeriya Tunde Onakoya ya kwashe awa 60 yana buga ches, wato darar Turawa, a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, darar Turawa ta samu karɓuwa a makarantun kuɗi. Har nan Sakkwato an fara jera ta kusa da darasin kwamfuta, ana cewa tana kaifafa ƙwaƙwalwar yaro. Ba ni da ja a kan haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu biyan kuɗin wannan darasi su ne dai waɗanda in sun ga dattawa biyu sun sunkuya kan dara a gindin dogonyaro, sai su taɓe baki su ce marasa aikin yi ne.

Mai faɗin haka bai taɓa tsugunawa ya kalla ba. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowa na da 'ya'ya 12, wannan ya karyo tsinke, wancan ya tsinto tsakuwa ko ƙwallon dabino. Ɗaya bayan ɗaya ake zubawa, kuma ba a yarda ka jera uku ba tun a wajen zubi. In an gama, gurbi 6 kacal ke saura, cikinsu za a yi ta kai da komo. Taku ɗaya ake yi, gaba ko baya ko gefe, ba a karkace ba. Ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka, ka jera huɗu ka yi aikin banza.

To, wanda ya iya ya san tun wajen zubin nan ake gama magana. Gwani yana aje tsinkensa yana lissafin inda zai koma bayan taku biyar, yana toshe maka hanya kai ba ka ankara ba. Burinsa ya kafa doki, wato ya shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa zuwa da dawowa, kowane motsi da ci. Duk wanda aka kafa wa doki sai dai ya share gumi yana kallo ana kwashe masa 'ya'ya. A gaya mini, wane irin tunani ne ches ke koyarwa da babu shi a nan? Haƙuri ne, ko hangen nesa, ko karantar zuciyar abokin hamayya?

Dubi yadda wasu suka riƙe nasu. Yarabawa sun sassaƙa ayo a katako, gurbi 12 da 'ya'ya 48, sun kai shi har gasar wasanni ta ƙasa. Mutanen Ghana na alfahari da oware. A Zanzibar gwanin bao, mai gurbi 32, mutum ne da ake girmamawa. Mu kuwa dambe da kokawa da langa muka tura gasar ta ƙasa, wasannin ƙwanji, muka bar na ƙwaƙwalwa a gindin bishiya. Alhali dara ta game wannan yanki kaf, daga Sakkwato zuwa ƙasar Zuru wurin Dakarkari, har ƙetaren iyaka cikin Nijar.

Masu cewa tana shagaltarwa daga salla ko tana jawo caca, su fara da wayar da ke aljihun 'ya'yansu. Masu cewa zamani ya wuce ta kuma, ai ches ɗin ma ta haura shekara 1000 a duniya.

Gaskiyar ita ce, raini ne kawai, kuma rainin talaka ne. Dara ba ta da kwali, ba a saye ta a kanti, a ƙasa ake yin ta, hannu na ƙura. Shi ya sa ɗan boko ke jin ta yi masa ƙasa. Da a ce wani kamfani a Ingila ya buga ta a roba ya sa mata farashi, da tuni mun yi layi. Wannan rainin yana da illa. Zaga Mabera ko Runjin Sambo bayan la'asar ka duba majalisun samari: kowa ya dunƙule kan waya, wasu na buga lido, wasu na duba tikitin cacar ƙwallo. Masu dara mafi yawa furfura ta fito musu. 'Yan mata ma carafke ta fara zama labari. Yaron da aka hana shi zama kusa da kakansa don kar ya lalace, ga shi can yana bin shagon caca.

Ma'aikatar ilimi ta jiha ba ta buƙatar kasafi kafin ta sa dara a firamare, yashi da tsakuwa ba su ƙare a Sakkwato ba. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tara gwanaye a rubuta ƙa'idoji, tunda kowane gari da ɗan bambancinsa. Sannan a sa gasa tsakanin ƙananan hukumomi 23 na jihar, a yi wasan ƙarshe a filin Giginya, a kira waɗannan dattawan su zama alƙalai, a kuma biya su.