Masu zama gaban tankin kifi ba zaman banza suke yi ba

Jama'a, akwai maganar da nake yawan ji a majalisu a nan Katsina duk lokacin da aka nuno masana a ɗakin binciken halittun teku sun zuba wa kifi ido, suna auna numfashinsa da yadda yake iyo. Sai ka ji an ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, mu da ba mu da teku ina ruwanmu. Maganar nan tana ci mini rai, domin duk mai kiwon tarwaɗa a bayan gidansa, a Ƙofar Ƙaura yake ko a Dutsin-ma, yana cin moriyar aikin mutanen nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Ku tambayi masu ƙyanƙyasar kifi. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai da kanta a tankin siminti. A daji sai damina ta kankama, ruwa ya malala cikin ciyayi, sannan jikinta ya saki. Shi ya sa ake yi wa macen allura da dare, da safe a matsa cikinta a tatso ƙwan, a farke namiji a gauraya da maniyyinsa. Allurar da aka fi sani, Ovaprim, an haɗa ta ne da kwaikwayon wani sinadari na ƙwaƙwalwar kifin salmon, wanda ke girma a teku ya dawo kogi ya yi ƙwai. Masana a Kanada da Sin sun daɗe suna bin diddigin yadda ƙwaƙwalwar kifi ke ba jiki umarnin haihuwa kafin a kai ga haka. Ba don irin wannan bincike ba, da har yau sai an jira damina a tafi fadama neman 'ya'yan kifi.

Haka batun asarar bazara. Ruwa in ya ɗumama, iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Da dare kuma gansakuka na shanye abin da ya rage. Shi ya sa ake ganin karfasa ta taso sama da asuba tana haki. Tarwaɗa ta fi juriya saboda tana da wata gaɓa a saman matatar numfashinta da take shaƙar iska kai tsaye. Wanda ya san wannan zai canza ruwa ya rage abinci kafin ya wayi gari ya tarar da kifinsa sun kife.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kifayenmu ma sun koyar da duniya. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya gano cewa kifin da muke kira ɗan sarki yana fitar da lantarki mai rauni ba ƙaƙƙautawa, daga baya ya tabbatar da shi yake gane abin da ke kewaye da shi a ruwa mai duhu. Ga gaiwa, da ke binne kanta a laka ta yi watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Masuntanmu sun san halinta tun kaka da kakanni, amma wasu ne can suka auna suka rubuta.

Muna da madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke, akwai sashen koyar da kiwon kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa ta Jihar Neja. Tambayoyinmu kuma ba wanda zai amsa mana su daga waje. Ya za a yi a ceci 'ya'yan kifi daga sanyin hunturu? Wane haɗin waken suya da masara da ƙuli-ƙuli ne zai rage mana tsadar abincin buhu? Ruwan burtsatsen wace unguwa ne ke buƙatar a bar shi ya kwana kafin a zuba?

Ina roƙon masu hannu da shuni da gwamnati su sa kuɗi a nan, a sayi na'urorin auna ruwa, a samar wa ɗakunan binciken wuta ta hasken rana. Ɗalibai kuma su zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta da littafi a hannu, su dawo tanki su gwada abin da suka ji.