Alhaji mai albasa ya je tayin maki a Dang

Teburin mai shayi ne a Dang ta ƙasar Kamaru, daura da ƙofar jami'a, kun dai san daga cikin Ngaundere zuwa can wajen kilomita 15 ne. Watan Oktoba, an dawo karatu, sanyin safe yana ɗan cizo. Alhaji mai albasa ya taso tun daga Marwa ya rako autansa, ya biya jaka 50 na rajista jiya kuma har yanzu abin bai bar ransa ba. A kan bencin akwai Jauro da sandarsa, ga Ɗan Klando ya jingine mashin yana jiran fasinja, can ƙarshe kuma wani mai tabarau yana tsoma burodi.

Alhaji: Mai shayi haɗa biyu, nawa da kauri, na yaron nan ruwa-ruwa, shi bai fara nema ba tukun.

Auta: Baba, wancan mai tabarau shi ne Doktan da zai koya mana mikro, don Allah kar ka ce komai.

Alhaji: Kar in ce komai? Da kuɗina? Salamu alaikum Malam, an tashi lafiya, ya sanyi. Ni ne uban wannan. Yanzu nake jin wai mikro za ka koya masa, to ni dai ban kawo shi ya zama maroƙi ba, in ladanci ne kuwa muna da lasifika a masallacin unguwa, kyauta ake busawa.

Dokta: Ranka ya daɗe ba mikro na magana ba ne. Mikro-ekonomi, wato ƙaramin tattalin arziki, yadda mutum ɗaya ko gida ɗaya ko shago ɗaya yake yanke shawarar saye da sayarwa. Babban shi ake ce wa makro, na ƙasa gaba ɗaya, wannan wani darasi ne daban.

Alhaji: Ƙarami?! Jaka 50 na ƙirga da hannuna a ba shi ƙarami? A'a Malam, a ba shi babban, in da ciko in cika.

Jauro: Kay Alhaji, maraƙi ne ke zama bijimi.

Dokta: Yauwa Jauro. Ga ma takardar dokokin aji, yau zan raba musu, tunda kana nan bari ka ji da kunnenka. Na farko, lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, kowane zango akwai kiredi 30 da yaro zai tara.

Alhaji: Innalillahi. Kai Auta, tun ba ka shiga aji ba har ka ci bashi? Talatin ɗin jaka ne ko dala?

Auta: Baba ba kiredin bashi ba ne, kamar awo ne na karatu, in ka ci darasi a zuba maka, sai sun kai 180 a ba ka takarda.

Alhaji: To a daina kiransa da sunan nan, gabana faɗuwa yake.

Dokta: Na biyu, ina shiga aji 7 da rabi, bayan minti 15 na rufe ƙofa, ko ɗan gwamna ne sai dai ya leƙo ta taga.

Ɗan Klando: Allah ya ƙara maka lafiya Dokta, wallahi dokar nan taka ita ke ciyar da ni. Ƙarfe 7 daidai dala 20 nake ɗaukar yaro daga ɗakinsa, amma da 7 da minti 35 ta yi, ka ga sun fito a guje wani ko takalmi bai ɗaure ba, sai in ce dala 40, babu mai tayawa, har godiya suke min.

Dokta: Kun ji ko? Darasin mako na biyu ke nan. Masu nema sun yi yawa, mashin bai ƙaru ba, farashi ya hau.

Ɗan Klando: Au, dama abin yana da suna? Ni na ɗauka rashin imani ne kawai.

Dokta: Na uku waya. Duk wayar da ta yi ƙara a ajina mai ita ya fita. Na huɗu maki, a nan nake so ka buɗe kunne Alhaji. Komai a kan 20 ne. Akwai gwajin tsakiyar zango, se-se muke ce masa, shi ke da kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kashi 70, a haɗa, wanda ya kai 10 ya wuce.

Alhaji: Goma. To, ka faɗi naka. Na saya bakwai.

Dokta: Ban gane ba.

Alhaji: Bakwai, kuma kuɗi hannu. Yaron nan marayan kaka ne.

Dokta: Alhaji ba a tayi.

Alhaji: Albarka ke nan? To takwas, don dai na ga fuskarka da mutunci. Kai Auta tashi mu yi kamar za mu tafi, zai kira mu.

Auta: Baba don girman Allah zauna, mutane suna kallo.

(Ya tashi fa da gaske, ya yi taku uku yana gyara babbar riga, ba wanda ya kira shi sai mai shayi da ya ce ba a biya ba. Ya dawo ya zauna.)

Alhaji: Wannan wace irin kasuwa ce, shekara 30 ina ciniki daga Marwa har Duwala ban taɓa ganin inda aka ce goma aka tashi a goma ba.

Dokta: Saboda ni kaɗai ke sayar da makin mikro a ajin nan, babu rumfa ta biyu. Shi ma wannan yana cikin darasi, mako na tara, kasuwar mutum ɗaya. Yanzu Auta, gwaji: yaro ya ci 5 a se-se, nawa yake buƙata a babbar jarrabawa ya kai 10?

Auta: Eh to, bari in ɗauko kalkuleta...

Alhaji: 12 da 'yan canji. Biyar ɗin nan ɗaya da rabi ta ba shi, saura takwas da rabi, ka raba da bakwai cikin goma. Kai yanzu wannan sai ka danna inji? Malam in da hali ni a rubuta sunana, shi ya koma rumfa.

Jauro: Wanda bai kai goman ba fa, yanka shi ake?

Dokta: A'a, akwai ratarafaj, ya dawo ya sake zama. Amma ni shawarata kar yaro ya dogara da shi. Na biyar, te-de, wato ƙaramin aji inda ake aikin lissafi da zane, dole ne, ana kiran suna. Fashi uku ba dalili, ba ka da se-se. Kuma ina roƙo, kaka sau ɗaya take rasuwa, na gaji da yaron da kakarsa ke rasuwa duk ranar gwaji.

Alhaji: A nan kuma ka yi kuskure Malam. Mahaifina mata huɗu ya bari, surukina ma huɗu, yaron nan kakanninsa mata takwas ne, ɗaya ce kawai ta riga mu gidan gaskiya, sauran bakwai duk suna nan kuma duk sun tsufa. Ka rubuta a takardarka tun yanzu kar a zo ana musu.

Dokta: To ya kawo shaida duk lokacin.

Alhaji: Zan aiko da goron sadakar uku.

Dokta: Na shida, satar amsa. Wanda na kama da 'yar takarda a hannun riga ko yana leƙen na kusa, sifili ne, sannan kwamitin ladabtarwa. Na bakwai, ya zo da rula da fensir, don zane za mu yi ta yi, layi biyu masu gicciye, ɗaya na masu saye yana gangarowa, ɗaya na masu kawo kaya yana hawa, inda suka haɗu nan farashi yake zama. Wani Bature ɗan Ingila, Alfred Marshall, fiye da shekara 100 da suka wuce ya kwatanta su da almakashi, ya ce ba ka iya cewa wane baki ne ya yanka takarda.

Jauro: Ni ban san almakashi ba, amma saura kwana uku Layya in na shiga tike, kasuwar dabbobi, da rago ko kallon mutum ba na yi, shi ke bina. Washegarin sallah kuwa ragon nan dai, ƙahon nan dai, ni ke bin mutane ina Alhaji ka duba mana. Bature ya san wannan?

Dokta: Shi ya rubuta.

Jauro: To wa ya gaya masa?

Ɗan Klando: Ai ni 2023 na ga almakashin nan da idona. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya ya hau mulki ya ce an cire tallafin mai, mu muna nan Kamaru ba mu zaɓe shi ba ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, kafin ka ce kwabo zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ta yi tsalle, 'yan kwalba a Garwa da Marwa suka zama manyan mutane, wanda da yake roƙonka ka tsaya ka sha lita ɗaya yanzu sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya ɗago kai.

Dokta: Layin masu kawo kaya ne ya ja baya. Amma ku lura, duk zanen da za mu yi da sharaɗi ɗaya ne, muna cewa idan sauran abubuwa suka tsaya yadda suke.

Alhaji: Suka tsaya? A ina? Malam ka taɓa loda albasa? Ka taso daga Marwa farashi ɗaya, kafin ka wuce Garwa an yi ruwa ta fara tsiro, ka iso falez, hawan dutsen nan na kafin Ngaundere, tirelar gabanka ta kwanta ta tare hanya kwana biyu, ga masu igiya a hanya kowa da nasa, ka isa Yawunde ka tarar mota goma sun riga ka. Abu ɗaya na sani da ke tsayawa yadda yake, goman nan taka.

Dokta: Gaskiyarka, amma yaro ba ya koyon tuƙi a falez, a fili ake farawa. Bari in tambaye ka, nawa karatun Auta zai ci maka a shekara?

Alhaji: Jaka 50, sai ɗaki, sai abinci, sai fotokofi da aka ce kullum ne.

Dokta: Ka manta babba. Da yana rumfa wa ke tsare maka ciniki? Yanzu sai ka ɗauki yaro ka biya shi. Abin da ka bari don ka samu wani abu, shi ma tsada ne, ko bai fita daga aljihu ba. Darasin farko ke nan, yau da safe.

Alhaji: Tsaya. Sake faɗa.

Dokta: Abin da ka bari...

Alhaji: La ilaha illallahu. Kai Auta ashe tsadarka ta fi yadda nake zato! Malam ashe kai mutumin kirki ne. To wallahi ka ji, in ka kawo min tara da rabi, kuɗin yaron rumfa ma sai ka biya ni.

Auta: Dokta ai da ka bar wannan sai ya tafi.

Mai Shayi: Alhaji a ƙaro na huɗu?

Alhaji: A'a ya isa, na farkon ne ya yi daɗi, na ukun ma don kar a zubar na sha.

Dokta: Mako na huɗu ke nan, kowane kofi da aka ƙara daɗinsa bai kai na wanda aka sha kafin shi ba.

Mai Shayi: Dokta don Allah wannan makon ka ba su hutu, kana kashe min kasuwa.

Dokta: Doka ta ƙarshe, ofis ɗina a buɗe yake ranar Laraba da yamma, duk wanda bai gane ba ya zo ya tambaya, kyauta ne. Amma ba na karɓar kaza, ba na karɓar zuma, ba na karɓar gaisuwar iyaye.

Alhaji: Ash, ga shi kuwa na taho da buhu guda a bayan mota, jar albasa mai kyau, busasshiya, na ce a kai wa malamin yaro.

Dokta: Ba zan karɓa ba. Sai dai... wato uwargida ta yi min maganar albasa jiya, ta ce ta yi wuta a kasuwa. In saya zan yi da kuɗina ai babu laifi. Nawa buhun?

Alhaji ya gyara zama, ya ture hula gaba, ya raɗa masa a kunne. Dokta ya cire tabarau.

Dokta: Haba Alhaji! A rage mana, ai ni malamin ɗanka ne.

Alhaji: Ba na karɓar gaisuwar malamai.

Dokta: To na saya da ragin jaka uku.

Alhaji: Ba a tayi. Duba Dang ɗin nan kaf, akwai mai buhu a bayan mota in ba ni ba? Mako na nawa ka ce ma, Auta?

Auta: Na tara Baba.

Dokta: Yanzu ba yadda za a yi?

Alhaji: Akwai ratarafaj. Ka dawo watan Maris in sabuwa ta fito. Mai shayi, nawa ne namu?

Mai Shayi: Ƙarfe nawa yanzu?

Ɗan Klando: 7 da minti 40.

Mai Shayi: To ya ƙaru.

Dokta ya dubi agogo, ya zabura, ya bar rabin burodi a kofi. Ɗan Klando ya riga ya tada mashin.

Ɗan Klando: Dala 40 Dokta, saura minti biyar ka rufe ƙofa.