Hannu kafin ido

Jiya na ga wani saurayi ya farke fanka ɗaiɗai don ta daina juyawa. Bai duba ko akwai wuta a soket ba, sukudireba kawai ya ɗauko. Sai da ya zube sukurori a ƙasa, ya tsinke waya guda, sannan ƙanwarsa ta jona caja a wurin ta ga shiru. Soket ne ya mutu. Fankar lafiyarta ƙalau kafin ya taɓa ta.

'Yan uwana matasa, wannan halin ne ke ci min tuwo a ƙwarya: matsala ta zo muku baƙuwa, ba ku taɓa ganin irinta ba, amma hannu ya riga ido isa wurin. Ba tsayawa, ba kallo, ba tambayar kai me ya canja tsakanin jiya da yau. Sauri ya haifi nawa, ai ba yau aka fara faɗa ba.

Waya ta ƙi caji, sai a yanke wa batir hukunci, alhali sau da yawa ƙura ce ta cushe ramin caji, ko igiyar ce ta karye daga ciki. Aro wata igiya ka gwada, minti nawa zai ci? Sukuru ya ƙi kwancewa, sai a sa ƙarfi har kansa ya cinye, ba a tuna cewa yawancinsu dama ɗaurewa ce, hagu kwancewa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai taɓa abu biyar a lokaci guda. Ko ya dace abin ya tashi, bai san wanne ya gyara ba. Gobe ya sake lalacewa ya koma gidan jiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wani karambanin ma rai yake ci. Mai ya kama da wuta a tukunya, sai a ruga a watsa ruwa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man da ke ci da wuta ya haura 300, nan take ruwan ya zama tururi ya watso wutar har fuska. Kashe murhu da rufe tukunyar da murfi ya wadatar. Haka mai haɗa bilic da ruwan wanke masai wai don ya fi ƙarfi, iskar kulorin mai guba yake haɗa wa huhunsa. Garin neman gira a rasa ido.

Kuma wai tambaya ta zama abin kunya! Waya tana hannu dare da rana ana kallon rawa da gulmar mutane, amma ɗaukar hoton abu kafin a kwance shi, don a san yadda za a mayar, ya gagara. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwali kuwa tare da leda ake zubar da ita.

Ku natsu, don Allah. Ku duba mai sauƙin tukuna, ku tambayi wanda ya sani.

Da can yaro yakan daɗe a gefen mai gyara yana miƙa masa sifana, yana kallo, kafin a bar shi ya kwance noti ɗaya. Dattijo zai kasa kunne ya saurari ƙarar inji, ya zagaya shi, ya shinshina, hannunsa na baya. Yanzu wa ke da wannan haƙurin? Kowa gwani ne tun kafin ya ga abin, in ka ce masa dakata ya ce ka raina shi.