Jibge Kwalaye Ba Shi Ne Ɗakin Karatu Ba

An yi taro, an yi tafi, an ɗauki hoto. Ga ɗan aji biyu riƙe da littafin akanta na jami'a, a juye ma. Sannunku da ƙoƙari, masu kawo wa firamaren Katsina gudummawar littattafai!

Littafin da ba a tantance ba kaya ne kawai. An cusa tatsuniyoyin yara da littafin aikin jinya da na harajin Amurka a kwali guda, an ajiye wa hedimasta, an tafi. Wa zai raba? Har da littafin taswira mai nuna Najeriya da jihohi 19, Katsina da Daura na cikin Kaduna, alhali tun 1987 muka samu jiharmu. Wannan za a koya wa yaro?

Kada wani ya ce mini "da babu gara ba daɗi". A nan gara ce za ta ji daɗin, don kwalin da ya yi damina a kan siminti nata ne.

A tantance, jama'a. Kashi uku: na aji 1 zuwa 3, masu hoto da manyan baƙaƙe, na aji 4 zuwa 6, sai na malamai. Abin da bai shiga ko ɗaya ba a miƙa wa sakandare. In ana shakka, a ba yaro shafi guda ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa. Hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafi? Littafin ya fi ƙarfinsa. Kowane kashi a manna masa tef mai launinsa a ƙeya, sannan a ware dabbobi daban, tarihi daban, jikin mutum daban. Kantar jera littattafan ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda, kada ta jingina da bango, kuma kada ta wuce inda hannun yaro zai kai. Na ƙananan a bar bangonsu na kallon waje, hoto ke kiran yaro.

Wallahi ba raini ba ne. Yaron da littafin farko ya gagare shi da wuya ya sake miƙa hannu. A tantance kawai.

Ku kuma masu ɗab'i, don Allah ku riƙa ɗinke littafin yara da zare. Gam ɗin nan naku zafin Afrilu ɗaya yake yi, shafuka su fara zuba.