Zariya na da tukunyar nukiliya, saura ta shiga binciken nutirino

A Samaru, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka fi sani da CERT, akwai wata ƙaramar tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1 da ke aiki tun 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne kacal, kuma ba lantarki take bayarwa ba, bincike ake yi da ita. Za a zuba ɗan garin dutse ko ƙasar gona a ƙaramin ƙoƙon roba, iska ta cilla shi ta bututu zuwa cikin tukunyar, a fito da shi a auna abin da yake fitarwa, sai a karanto maka sinadaran da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka cire yuraniyom mai ƙarfi irin wanda ake iya haɗa makami da shi, aka mayar da shi China, aka sa mata mai sauƙi. Wannan ba aikin 'yan koyo ba ne, kuma da hannun masanan Zariya aka yi shi.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da jami'ar za ta kafa rukunin masana, ko da ƙarami ne, ta shigar da shi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen nutirino na duniya da sunanta.

Nutirino wata ƙwaya ce da ta fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ta ɗauke da cajin lantarki, kuma kusan ba abin da ke tare ta. Wolfgang Pauli ne ya yi hasashenta a 1930, ba a kama ta ba sai 1956, a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Waɗanda rana ke fitarwa kaɗai, sama da biliyan 60 ne ke ratsa wuri mai faɗin farcen babban yatsa a kowace daƙiƙa, su wuce ta jikinka, su wuce ta ƙasa, su fita ta ɗaya gefen duniya ba tare da ka ji komai ba.

Iri uku ne: na elektiron, na miyon da na tau. Tun ƙarshen shekarun 1960 Raymond Davis ya shiga ramin haƙar zinariya na Homestake a Amurka yana ƙirga waɗanda ke zuwa daga rana, kullum kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya nuna yake samu. Aka shafe shekara talatin ana gardama: na'urarsa ce ta gaza, ko lissafin rana ne ba daidai ba? Ashe babu ɗaya. A 1998 masanan na'urar Super-Kamiokande a Japan suka sanar da cewa nutirino na rikiɗa daga wani iri zuwa wani yana cikin tafiya, sannan a 2001 da 2002 gwajin Sudbury na Kanada ya nuna cewa na rana da ake cigiya suna nan, kama ce suka sauya. Kamar ka loda buhunan gero a Sabon Gari, mota ta isa Legas a kwance a tarar wasu sun koma dawa, alhali ba wanda ya taɓa kayan a hanya. Wannan rikiɗa ba za ta yiwu ba sai in ƙwayar na da nauyi, abin da babban tsarin fiziks na lokacin ya ɗauka ba ta da shi. Takaaki Kajita da Arthur McDonald sun karɓi kyautar Nobel a 2015 a kan haka.

Super-Kamiokande kanta abin kallo ce. Tanki ne na tan 50,000 na ruwa tsantsa, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, bangonsa jere da idanun gilashi kusan 11,000 masu jiran ɗan walƙiyar da ke fita in nutirino ya yi sa'ar karo da wani abu a ruwan. In za a yi gyara, rage ruwan ake yi, ma'aikata su shiga ƙaramin kwalekwale suna bin idanun suna dubawa.

Yanzu ba sai an jira rana ko sararin sama ba. Injinan hanzarta ƙwayoyin zarra ne ke ƙera nutirinon: a cilla furoton, wato ƙwayoyin da ke cikin tsakiyar zarra, da gudu su daki wani daskararren abu, tarkacen da ya fito ya ruguje ya haifi nutirino, a saita su inda ake so. Gwajin T2K na harba su daga Tokai a Japan zuwa Kamioka inda Super-Kamiokande take, kilomita 295 ta cikin ƙasa. Gwajin DUNE da ake ginawa zai harba daga cibiyar bincike ta Fermilab kusa da Chicago zuwa tsohon ramin nan na Davis, kilomita 1,300. Abin da ake nema shi ne ko nutirino da kishiyarsa, wato ƙwayar da ta yi kama da shi amma halinta akasin nasa ne, suna rikiɗa iri ɗaya. In sun bambanta, ƙila a nan za a fara gane dalilin da ya sa abin da aka gina mu da shi ya rinjayi kishiyarsa a farkon halitta, har aka samu taurari da ƙasa da mutane. Ni wannan tambaya kaɗai ta ishe ni dalili, don neman sanin yadda aka tsara halitta ba baƙon abu ba ne a garin malamai irin Zazzau.

Amma na san abin da za a ce, kuma mai faɗa bai yi ƙarya ba. Ɗalibi na kwana da yunwa a Samaru, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar darasi, yajin aiki na cinye zango sukutum, sai a kawo maganar ƙwayar da ba a gani? Da cewa na yi mu haƙa rami irin na CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, mai zagayen kilomita 27, da ni ma sai in ce a rufe min baki. Tukunyar Samaru ma, duk da tana fitar da kishiyar nutirino in an kunna ta, ta yi ƙanƙanta ga irin wannan awo.

Sai dai shiga gwaji ba ya nufin mallakar inji. Masana sama da 1,000 daga ƙasashe fiye da 30 ne a DUNE, mafi yawansu daga jami'o'insu suke aiki, suna rubuta manhaja, suna tace bayanai, suna gwada ƙananan sassan na'ura. Jami'ar Antananarivo ta Madagaska na cikinsu, kuma Madagaska ba ta fi mu arziki ba. Moroko da Afirka ta Kudu na cikin gwajin ATLAS na CERN, Masar na cikin CMS. Tun 2010 ake gudanar da makarantar fiziks ta Afirka da ke zagaya ƙasashe, ta sauka a Afirka ta Kudu, Ghana, Senegal, Ruwanda da Namibiya. CERN kuma ta saki ɗimbin bayanan gwaje-gwajenta kyauta a intanet tun 2014, yaron da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka a Kongo ta Zariya ko Samaru zai iya saukewa yau ya fara koyo.

Ga kuma amfanin da ya fi kusa da jiki. Injin da ake gasa ciwon daji da shi a asibiti, injin hanzarta ƙwayoyi ne, ɗan ƙaramin dangin na Fermilab. Duk wanda ya taɓa rakiyar mai wannan ciwo a ƙasar nan ya san zancen: an zo daga nesa, an sayar da akuya ko gona, sai a ce inji ya tsaya, ana jiran mai gyara daga waje. Wanda ya koyi saita na'urar gano nutirino da auna hasken da ido ba ya gani, shi ne irin mutumin da asibitocinmu ke nema su rasa.

Babbar fargabar ita ce a horar da yaro ya tafi bai dawo ba. Hakan na faruwa, kuma ya fi faruwa ne inda ba a bar masa abin dawowa ba. In sunan jami'arsa na cikin gwajin, yana iya zama a Zariya yana aiki da bayanan da na Chicago ke aiki da su, sunansa na fita a takarda ɗaya da nasu. Abin da hakan ke bukata bai fi ƙarfin jami'ar da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ba: malamai biyu ko uku daga Sashen Fiziks da CERT da za a rage wa nauyin koyarwa, ɗaki guda na kwamfutoci mai wutar sola da intanet da ba ya yankewa, kuɗin zama mamba da na tafiya da aka tabbatar na aƙalla shekara biyar, da gurbin aiki a rubuce ga duk ɗalibin digiri na uku da aka tura tun kafin ya hau jirgi. DUNE bai fara harbi ba tukuna, yanzu ne ake rabon aiki tsakanin jami'o'i, kuma wanda ya zo bayan an gama gini ragowar aiki zai tarar.