Jarrabawar haziƙai: hadda ba ta shigar da yaro Suleja

Duk shekara, da zarar NECO ta buɗe rajistar jarrabawar shiga makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, sai wasu gidajen su rikice. Yaro ɗan shekara tara ko goma ya taso daga boko, ya wuce Islamiyya, bayan magariba kuma ga malamin lesin a zaure da tarin tsofaffin tambayoyi. Asabar da Lahadi ma babu sararawa. Wai shiri ake yi masa.

Ban ga laifin uban da ke son ɗansa ya shiga can ba. Makaranta ce da aka buɗe a 1990, zamanin Babangida, domin yara masu baiwa daga kowace jiha. Jigawa ta yi tata a Bamaina lokacin Sule Lamido. Tun kafin su, a 1977, Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma kowa ya san likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Wa zai ƙi?

Irin shirin ne ban yarda da shi ba. Tambayoyin gwada basira ba na hadda ba ne. Za a jera wa yaro 2, 6, 18, a ce ya kawo na gaba. Wanda ya gane ninkawa uku ake yi, ko an sauya lambobin zai amsa. Wanda ya haddace amsar bara kuwa, ana sauya lamba ɗaya ya tsaya cak.

Babbar matsalar yaranmu ma ba lissafi ba ce, Turanci ne. Akwai yaron da ke tsare wa babansa shago, yana ba da canji da ka ba ya kuskure, ya haddace izu goma, amma ya faɗi don bai gane me tambayar ke nema ba. Ba ƙwaƙwalwarsa aka gwada ba, kunnensa aka gwada. Don haka kuɗin lesin ɗin nan, da littattafan labarai na Turanci aka saya da shi, yaro ya karanta a bayyane, sannan ya ba ka labarin da Hausa. Nan za ka gane ko ya fahimta ko baki kawai yake motsawa. Sai a nuna masa tsarin takardar sau biyu ko uku: yadda ake cike gurbin amsa da fensir, yadda ake tsallake mai wuya a dawo mata, yadda ake duba agogo. Daren jarrabawa a bar shi ya yi barci.

A birnin New York na Amurka ma sun yi shekara da shekaru suna gwada yara 'yan shekara huɗu don zaɓen haziƙai, masu hali suna biyan malaman horo. A 2021 suka ajiye gwajin, bayan dogon ƙorafin cewa aljihun iyaye yake aunawa.

Sai kuma ɗabi'ar cire yaro daga aji huɗu ko biyar a tura shi jarrabawa, har a je kotu a yi rantsuwar gyara masa shekaru. Don Allah iyaye mu daina. Ko ya ci, makarantar kwana za shi, inda zai wanke kayansa da kansa, ya yi layin abinci da waɗanda suka girme shi da shekara biyu.