Ko Da Bai Cece Mu Ba

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, na nan Katsina da na ƙauyukanmu har zuwa Malumfashi da Kafur, salamar Almasihu ta kasance tare da ku. Akwai wata aya da muke yawan tsallakewa idan muna ba yara labarin Shadrak da Meshak da Abednego, kuma ita nake so mu tsaya a kanta yau.

Labarin yana cikin Daniyel sura 3. Sarki Nebukadnezzar ya kafa gunkin zinariya mai tsayin kamu 60 da faɗin kamu 6 a filin Dura (ba Daurarmu ba, wannan can ƙasar Babila yake), ya ba da doka cewa duk wanda ya ji busa da kiɗa bai rusuna ba, tanderun wuta ce makomarsa. Mun san yadda aka ƙare: an zuga wutar ninki bakwai, an jefa mutum uku, sarki ya leƙa ya ga huɗu, suka fito ko ƙaurin hayaƙi babu a rigunansu. Da yake mun san ƙarshen, sai mu manta cewa su ba su san shi ba a lokacin da suke tsaye gaban sarki. A aya ta 17 sun ce Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu, a ta 18 kuma suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, sarki ya sani ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Ba su yi ciniki da Allah ba, ba su ce za su tsaya idan ya yi musu alkawarin fita da rai ba.

Ina jaddada wannan ne saboda irin wa'azin da ya yi yawa a zamaninmu, wanda ke koya wa mutane cewa duk wanda ya tsaya domin Yesu lalle ne ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ko mota, ko maƙiyansa su kunyata kafin ƙarshen wata. Wa'azi ne mai daɗin ji, amma a ganina yana raunana masu bi, domin ranar da mutum ya tsaya kan gaskiya ya ga hasara ce ta biyo baya, sai ya ɗauka Allah ya yaudare shi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana kome ba. A cikin Ayyukan Manzanni sura 12, sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kuma kama Bitrus, sai mala'ika ya kwance wa Bitrus sarƙa ya fitar da shi da dare. Sura ɗaya ce, sarki ɗaya, manzanni biyu, kuma babu inda aka ce bangaskiyar Bitrus ta fi ta Yakubu. Haka Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki, sannan ba tare da sauya murya ba ta ci gaba da waɗanda aka jejjefe da duwatsu da waɗanda aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya.

Ba sai mun je Babila ba. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata kimanin 110 daga makarantarsu a Dapchi ta Jihar Yobe. Bayan wata guda aka dawo da mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya mai shekara 14, kuma 'yan makarantarsu da suka dawo ne suka ba da labarin cewa ta ƙi musun bangaskiyarta. Shekaru suka yi ta shuɗewa mahaifiyarta tana duban hanya. A Janairun 2020 kuma aka kama Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta CAN a Michika ta Jihar Adamawa. A hoton bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna cewa bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Wa zai iya buɗe baki ya ce addu'ar da aka yi domin waɗannan biyu ba ta kai ba?

Sai dai yawancinmu ba bindiga za a sa mana a ka ba. Tamu jarrabawar takan zo da murmushi, a cikin ofis ko a kasuwa ko a zauren gida. Na san wani ɗan'uwa, akawu ne a wata ma'aikata, wanda aka ajiye wa takardar biyan kuɗin taki a kan tebur, alhali shi da kansa ya ƙirga buhunan da suka shiga sito ya san ba su kai rabin abin da aka rubuta ba. Maigidansa bai yi masa tsawa ba, cewa kawai ya yi, "Haba Malam, sa hannu ne kawai, kai ma da naka kason a ciki." Ɗan'uwan nan ya juya biro a hannunsa, ya tuna kuɗin makarantar yara uku da bashin haya, sannan ya mayar da murfin biron ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, hannuna ba zai hau wannan ba." Bayan mako biyu takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura shi wani gari mai nisa inda kuɗin mota ke cinye kusan rabin albashinsa. Abin da ya ce ba zai manta ba shi ne wani dattijo Musulmi, masinjan ofishin, da ya bi shi har bakin ƙofa ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka yi daidai, ɗana, haram ba ta ƙosarwa."

Na kawo maganar dattijon nan da gangan, domin akwai masu zaton tsayawa kan bangaskiya yana nufin ɗaure fuska ga maƙwabci, ko zage-zage a Facebook. Manzo Bitrus ya raba zancen a wasiƙarsa ta fari: a sura 3 ya ce mu ba da amsar begenmu da tawali'u da ladabi, a sura 4 kuma ya ce kada waninmu ya sha wuya saboda sata ko shisshigi. Wanda bakinsa ya jawo masa rigima kada ya kira ta tsanani. Samarin nan uku sun yi wa sarkin Babila aiki da aminci a matsayin hakimai, abu ɗaya tak suka hana shi, wato sujada. Istifanas kuwa ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar tanderu, a sura ta fari ta littafin, samarin nan tare da Daniyel sun riga sun ƙi abincin sarki, suka nemi a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa. Wanda ya saba tauye mudu a kasuwa, ko sauya sunansa na baftisma a takarda domin neman gurbin aiki, ko yin shiru ana ƙulla wa marar laifi sharri, kada ya ɗauka ƙarfin hali zai faɗo masa daga sama ranar babbar jarrabawa. Mu iyaye ma da laifinmu, domin yaro yana ji muna waƙar gicciye ranar Lahadi, ranar Litinin kuma yana gani muna neman wanda zai gyara masa sakamakon jarrabawa.

Akwai kuma hakki a wuyan ikilisiya. Abin kunya ne mu yi wa mutum tafi a majami'a saboda ya tsaya, sannan mu bar shi shi kaɗai da yunwar. Gwauruwar da dangi suka hana gonar gado saboda bin Almasihu tana bukatar tiya ta dawa da wanda zai biya wa ɗanta makaranta, ba "Allah ya ba da haƙuri" kaɗai ba. Zumuntar mata da ta matasa da dattawan ikilisiya, ku duba cikinku, kun san su da sunayensu.

Ɗan'uwan nan akawu har yau yana can inda aka tura shi, ba a dawo da shi ba, ba a kuma ba shi haƙuri ba. Na haɗu da shi kwanan baya wajen Ƙofar Ƙaura yana jiran mota da 'yar jakarsa, takalminsa duk ƙura. Na tambaye shi ko yana da-na-sani, sai ya yi dariya ya ce kuɗin mota dai yana damunsa ƙwarai, amma barci yake yi har asuba. Ku sa shi a addu'a, ku sa Leah da iyayenta, da iyalin Rabaran Andimi.